Zare: Yadda muka baro faifai mai juyi muka koma SSD

1/ Makon jiya laftof ɗina ta fara wata ƙara, ƙas, ƙas, ƙas. A cikinta akwai kundin digirina da hotunan marigayi Babanmu, waɗanda babu kwafinsu ko'ina. Mai gyara ya kasa kunne ya ce, "Malam, kashe ta yanzu." Ku biyo ni ku ji tarihin wannan ƙarar.

2/ Asalinta 1956, a San Jose ta Kalifoniya. A nan IBM ta fitar da kwamfutar RAMAC, ta farko mai HDD. Faifai 50 ne a jere, kowanne faɗin inci 24, kamar babban tiren biki. Nauyin ma'adanar kusan tan guda.

3/ Me take ɗauka? Haruffa miliyan 5. Jama'a, ko megabait 5 bai cika ba. Hoto ɗaya mai kyau daga wayarka zai iya cinye ta.

4/ A 1980 Seagate ta fito da ST-506, megabait 5 a girman inci 5.25, wanda zai shiga kwamfutar tebur. Daga nan aka yi ta ƙanƙantawa. Amma dabarar ba ta sake ba: faifai na juyawa, wani ɗan hannu na shawagi a kansa yana rubutu da karatu da maganaɗisu.

5/ Na laftof yawanci juyi 5,400 yake yi a minti ɗaya, kuma tazarar kan hannun da faifan ba ta kai kaurin silin gashi ba, ko kusa. Kai kuma ka jefa ta a jaka tana kunne, ka hau Adaidaita. Ƙarar da na ji, hannun ne ke neman layinsa yana kasa samu.

6/ Maganin daga Japan ya fito. Wani injiniyan Toshiba, Fujio Masuoka, ya ƙirƙiro ma'adanar da ke riƙe bayanai ko an ɗauke wuta, ba tare da komai ya motsa ba. Ya gabatar da ita a 1984, sai nau'in NAND a 1987. An kira ta filas saboda gogewarta kamar walƙiyar kyamara.

7/ Ita ce a mimorin wayarka, ita ce a filas ɗin aljihunka, ita ce a SSD. Shi kuwa Masuoka sai da ya kai Toshiba kotu kan haƙƙinsa. A 2006 suka sasanta a kan yen miliyan 87. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

8/ A 1991 kamfanin SunDisk, wanda ya koma SanDisk, ya yi SSD mai megabait 20 a kan dala 1,000. Tsadar nan ce ta sa HDD ya ci gaba da mulki har shekara ashirin. Sai da farashi ya faɗi irinmu muka shigo layi.

9/ Mu dawo shagon mai gyara. Abu na farko: kafin komai muka kwafe kundin da hotunan zuwa filas. Faifan da ke ƙara ba a wahalar da shi, mafi muhimmanci ake fara ceto. Hoto biyu sun ƙi buɗewa. Sauran, alhamdulillahi.

10/ Idan naka lafiyarsa lau, hanya biyu ce. Ko ka jona SSD da wayar USB, manhaja ta kwafe faifan ɗungurungum har da Windows, in dai SSD ɗin zai ɗauke abin da ke ciki. Ko ka sa sabuwar Windows ka kwaso fayilolinka. Ni ta biyu muka bi.

11/ Bambancin? HDD ɗin laftof na karanta wajen megabait 100 a daƙiƙa, SSD na SATA ya haura 500. Da, in na kunna har shayi nake haɗawa. Yanzu kafin in gyara zama ta tashi.

12/ Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Tsohon faifan nan ya yi min kuka kafin ya tafi. SSD ba ya ƙara, sau da yawa shiru kawai zai yi. Kuma abin da ka goge a kansa da wuya a dawo da shi, don shi da kansa yake share gurbin.

13/ Don haka ka koma SSD, wallahi ba za ka yi nadama ba. Amma duk abin da rashinsa zai sa ka kuka, ajiye shi a wuri biyu ko uku. Hotunan Baba yanzu suna SSD, suna filas, suna wajen Yaya. Naka fa, wuri nawa suke?