Ranar Da Rana Ta Girgiza Wayoyin Duniya

'Yan uwana matasa, yau ina so mu waiwayi wani lamari na tarihi da ya shafi duk mai riƙe da wayar salula.

A safiyar 1 ga Satumba, 1859, wato shekara ta 1276 bayan Hijira, wani masanin taurari ɗan Ingila mai suna Richard Carrington yana zana baƙaƙen tabon da ke fuskar rana, sai ya ga wani farin haske ya ɓalle daga cikinsu, ya yi kamar minti biyar ya dushe. Abin da ya gani aman wuta ne: rana ta watso tarin burbushi mai ɗauke da lantarki, wanda ya keto tazarar kilomita miliyan 150 ya iso duniya cikin kimanin awa 17.

Da isowarsa sai ya rikita garkuwar maganaɗisun da ke kewaye da duniya. Sama ta rine da ja da kore har a Kuba da Hawayi, inda ba a saba ganin haka ba. Wayoyin tangaraho a Turai da Amurka suka ɗauki wuta, lantarki ya ja wasu ma'aikata, a wasu ofisoshi takardu suka kama. Tsakanin Boston da Portland kuwa, ma'aikata sun cire batir suka ci gaba da aika saƙo na kusan awa biyu da lantarkin da guguwar ta cusa cikin waya.

Mai karatu ya lura, a wancan zamani tangaraho ne kaɗai abin da za ta iya lalatawa. To amma da ɗan Adam ya shimfiɗa wayoyi ko'ina, sai ɓarnar ta faɗaɗa. Ranar 13 ga Maris, 1989, guguwar da ba ta kai ta Carrington ba ta durƙusar da lantarkin lardin Kwibek na Kanada cikin ƙasa da minti biyu, mutane kusan miliyan 6 suka zauna cikin duhu har awa tara. A Fabrairun 2022 kuma, wata ƙaramar guguwa ta ɗumama saman sararin iska har ya kumbura, ya riƙe taurarin ɗan Adam na Starlink guda 38 daga cikin 49 da aka harba, suka faɗo suka ƙone. A Mayun 2024 manoma a Amurka sun dakatar da shuka domin GPS na taraktocinsu ya rikice.

Hatta masu sauraron rediyo a gajeren zango abin yana taɓa su, domin wannan sashe na sama shi ke dawo da muryar tashar zuwa ƙasa; idan rana ta yi aman wuta da tsakar yini, sai murya ta ɓace.

Darasin da nake ɗauka shi ne, garkuwar da aka yi wa duniya tana kare jikinmu, amma na'urorinmu a fili suke. A Yulin 2012 wata guguwa mai kama da ta 1859 ta ratsa hanyar da duniya ke bi, ta kuskure mu. Tabon rana yana yawaita ne duk bayan kimanin shekara 11, don haka neman wannan ilimi da shirin rigakafi aiki ne da ke jiran matasanmu.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani.