Wace wuta da wace waya suka fi dacewa da kayan sauti na gida?

A garuruwa irin su Rimin Gado, da ke yammacin birnin Kano a kan hanyar Gwarzo, da wuya a shiga gidan da babu rediyo ko rikoda, ko kuma amfilifaya da lasifikoki, waɗanda ake sauraren labarai da karatun Alƙur'ani da tafsirin watan azumi da su.

To sai dai kuma sau da yawa waɗannan kaya ba sa mutuwa saboda tsufa. Wutar da ake ba su da wayar da ake haɗa su da ita su ne kan yi ajalinsu, wani lokacin ma su haddasa gobara.

Wutar gwamnati

Ƙa'idar wutar gida a Najeriya ita ce bolt 230, mai kai-komo sau 50 a daƙiƙa guda. Tun bayan sayar da kamfanonin rarraba wuta a watan Nuwamban 2013, kamfanin KEDCO ne ke kula da jihohin Kano da Katsina da Jigawa, ko da yake har yanzu jama'a na kiranta wutar NEPA, sunan hukumar da aka kafa a 1972.

Idan ta cika ƙarfinta, wannan wuta ta fi kowace sauƙin kuɗi. Matsalarta a karkara ita ce nisan gidaje da taransifoma da kuma yawan masu jan wuta daga gare ta, abin da kan sa ƙarfin ya faɗi ƙasa sosai da magariba. A irin wannan hali amfilifaya kan yi rauni, sauti ya riƙa shaƙewa idan aka ƙara murya.

Haɗari mafi girma shi ne lokacin da aka dawo da wuta, domin takan zo da tsananin ƙarfi na ɗan lokaci. Dalili ke nan masu gyaran rediyo ke ba da shawarar a zare fulogi da zarar an ɗauke wuta, haka kuma idan hadari ya taso da walƙiya a lokacin damina.

Sitabilaiza na taimakawa wajen daidaita ƙarfin wutar, musamman mai ɗan jinkiri kafin ta saki wuta. Amma ba ta maganin tsawa.

Janareta

Ƙaramin janareta wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai shi ne mafi rashin dacewa da kayan sauti. Galibinsa ba shi da na'urar daidaita wuta, saboda haka ƙarfinsa kan hau ya sauka, musamman idan mai ya kusa ƙarewa ko an kunna wani abu mai jan wuta da yawa.

Duk wanda ya zama dole ya yi amfani da shi, to ya bari injin ya daidaita kafin ya kunna kayansa, ya kuma kashe su kafin ya kashe injin. Kazalika a ajiye shi a waje, nesa da taga, domin hayaƙinsa na kisa cikin barci.

Batir da hasken rana

Janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da kuma duhun da galibin jihohin arewa suka shiga na fiye da mako guda a watan Oktoban 2024 sakamakon lalacewar manyan layukan wuta, sun ƙara karkata hankalin jama'a ga sola.

Ta fuskar tsabtar sauti babu kamar batir, domin wutarsa ba ta kai-komo. Rediyo ko amfilifaya mai aiki da bolt 12 kai-tsaye daga batir ba ya gurnani.

Batir mai bolt 12 da amfiya 100 na ɗauke da wutar da za ta ba da wat 1,200 na sa'a guda. Idan na ruwa ne, bai kamata a sha fiye da rabinsa ba, in ana so ya yi ƙarko. Ke nan kayan da ke cin wat 50 za su yi kimanin sa'o'i 10 zuwa 12. Batirin litiyam ya fi tsada, amma ana iya shan mafi yawan wutarsa, kuma ya fi daɗewa.

Idan kayan na buƙatar bolt 230, sai an sa inbata. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai fitar da wuta sumul irin ta gwamnati, akwai kuma mai araha wadda wutarta ke tafiya hawa-hawa kamar matakala. Ta biyun kan sa lasifika ta riƙa zuza, taransifomar cikin amfilifaya kuma ta yi zafi.

Adafta da kayan gwanjo

Tsofaffin kayan sauti na da taransifoma mai nauyi a ciki. Tana da ƙarko, amma tana bin hawa da saukar wuta. Na zamani kuwa na amfani da ƙaramar adafta marar nauyi, wadda akan rubuta 100 zuwa 240 a jikinta, ma'ana tana jure faɗuwar wuta.

Aibin adafta mai araha shi ne tana watsa hayaniya a gajeren zango da matsakaicin zango. Mai sauraren da tasha ke ɓace masa ya gwada zare cajar waya da ke kusa, ko ya koma kan batir, zai ji bambanci.

Wajibi ne kuma a duba bayan kayan gwanjo kafin a sa su a soket. Na Amurka bolt 120 ne, na Japan kuma 100. Idan ba a sa musu taransifoma mai rage wuta ba, nan take za su ƙone.

Kaurin waya shi ne magana

Abin da ake nema ga wayar lasifika shi ne kada ta tauye wutar da ke bi ta cikinta. Ma'aunin wannan tauyewa shi ne om, kuma galibin lasifikokin gida om 4 ne ko 8. Ƙa'idar da masana suka saba bi ita ce kada na wayar ya wuce kashi 5 cikin 100 na lasifikar.

Ga misali, idan nisan mita 10 ne, wutar za ta yi tafiyar mita 20 zuwa da dawowa. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 1.5 za ta ba da kimanin om 0.24, wato kashi 3 cikin 100 ga lasifika mai om 8. Siririya mai 0.5 kuwa za ta haura om 0.7, kusan kashi 18 cikin 100 ga mai om 4. Saboda haka 1.5 ta wadatar a ɗaki, 2.5 kuma ga tsakar gida ko lasifika mai om 4.

Tsakanin batir da inbata kuwa sai waya mai kauri ƙwarai kuma gajera. Kayan wat 100 na jan fiye da amfiya 8 a bolt 12, alhali a bolt 230 ko rabin amfiya ba sa kaiwa. Siririyar waya a nan za ta yi zafi har ta narke.

Akwai kuma wayar alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe. Alminiyam na ɗaukar kusan kashi 61 cikin 100 ne kawai na abin da jan ƙarfe ke ɗauka, ga saurin karyewa. Mai saye a kasuwar Sabon Gari ko wata kasuwa ya kankare silin wayar da reza. Idan cikin ya fito fari, to ba jan ƙarfe zalla ba ce. Ya kuma nemi tambarin NIS na hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki.

Shin waya mai tsada ta fi sauti?

An daɗe ana wannan muhawara a ƙasashen Turai da Amurka. A 2007 Ba'amurken nan James Randi ya yi tayin dala miliyan 1 ga duk wanda zai iya bambance sautin wasu wayoyi na kamfanin Pear, masu farashin dala 7,250, da na wasu masu sauƙin kuɗi, ba tare da ya ga wadda aka haɗa ba. Ba a kai ga gudanar da gwajin ba.

Abin da awo ya tabbatar dai shi ne kauri da tsawo da ingancin ƙarfe da kyawun ɗauri su ne ke tasiri. Ga magidanci a Rimin Gado, kuɗin da zai kashe kan waya mai ado gara ya sa su a sitabilaiza, da fulogi mai fis ɗin amfiya 3 ga ƙananan kaya, da kuma ma'aikacin wuta da zai duba masa wayar ƙasa ta gidan.