Maƙeran Fari: Daga Liyari Zuwa Munduwa

A shekarar 1946 gidan adana zane-zanen zamani na birnin New York, wato MoMA, ya baje kolin kayan adon da aka ƙera da hannu. Cikin waɗanda aka nuna aikinsu har da Alexander Calder, wanda a rayuwarsa ya ƙera sarƙoƙi da awarwaro da 'yan kunne kusan 1,800, yana lanƙwasa waya yana dukanta da guduma. Shi kuwa Art Smith, baƙar fata mai shago a birnin, daga adon Afirka ya ɗebo wani ɓangare na fasaharsa. Irin wannan aiki ne aka riƙa kira sassaƙar da ake sawa a jiki.

Tsohuwar da ta yi ƙuruciya a Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu ba za ta ga baƙon abu a nan ba. Tun kaka da kakanni ƙira a ƙasar Hausa gida biyu ce: maƙeran baƙi masu fartanya da gatari, da maƙeran fari masu azurfa da tagulla. Azurfarsu kuwa mafi daraja ita ce liyari, kuɗin Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tereza, wanda fatake suka ƙetaro da shi hamada. Nauyinsa giram 28, kuma ko yaushe aka buga shi bayan rasuwarta, 1780 ce a jikinsa. Wasu matan sukan rataya shi yadda yake, wasu su kai maƙera a narka.

Maƙerin zai murza kakin zuma ya fitar da siffar munduwa, ya lulluɓe ta da yumɓu ya gasa. Kakin ya narke ya tsiyaye, yaro na ta buga zugazugi, sai a kwarara azurfa a gurbinsa. Kafin a ga abin da aka ƙera dole a fasa yumɓun. Shi ya sa munduwa ba ta da tagwaye: kowacce da hannun da aka auna mata. Da wannan dabara maƙeran Buzaye ke zuba abin wuyan da aka san garin Agadas da shi.

Yau a Tudun Wada in an buɗe lefe, sarƙar Dubai ake ɗagawa a yi guɗa. Alhali zinariya na kwance a ƙasar Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta wurin haƙarta ta kashe yara fiye da 400 a 2010. Zinariyar tana fita ɗanya, mu sayo ƙerarriya da tsada.

Abin da aka jera cikin gilashi a New York, iyayenmu mata sun yi daka da irinsa a hannu. Duk mai tsohuwar munduwa a adaka, kada ya sayar a narka. Ya kai wa maƙerin fari ya nuna wa yaransa yadda aka zuba ta.