Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, Kano: Nazari a Kan Aikin Maginan Gargajiya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi ginin Gidan Ɗan Hausa ta fuskar kayan aiki da tsarin rufi da ado. Hujjarta ita ce, darajar gidan tana hannun maginan da suka gina shi, kuma ɗorewarsa ta dogara ne ga ɗorewar sana'arsu.

Gabatarwa

Gidan ya samo sunansa daga Hanns Vischer (1876–1945), haifaffen Basel ta ƙasar Suwizalan, wanda ya fara zuwa Arewa a matsayin ɗan mishan, daga baya ya shiga aikin gwamnatin mulkin mallaka. A 1906 ya ratso Sahara daga Tarabulus zuwa Barno, a 1909 kuma ya buɗe makarantar boko a Nasarawa, wajen ganuwar Kano, kusa da gidan shaƙatawar Sarki. Ƙwarewarsa a harshen Hausa ta sa aka yi masa laƙabi da Ɗan Hausa. A yau Gidan Ɗan Hausa yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Akasarin abin da ake faɗa a kansa tarihin mai gidan ne, ginin kansa kuwa an bar shi a baya.

Gini da rufi

Da tubali aka tayar da bangon, wato curin ƙasa da ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, a jera shi kai yana sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Gindin bango ya fi samansa kauri, domin shi ke ɗaukar nauyin bene. Kaurin nan ne kuma ke tare zafin rana, sai dare ya yi ya sake shi a hankali.

A rufi ake gane gwani. Azara, wadda ake farkewa daga giginya, gara ba ta cika cin ta ba, amma idan faɗin ɗaki ya haura kimanin mita 2, ba za ta iya ɗaukar nauyin ƙasa ita kaɗai ba. Don haka magini kan fito da azara daga bango hawa-hawa, kowace ta ɗara ta ƙarƙashinta, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa har bakuna su haɗu a tsakiya. Wannan shi ne ɗaurin guga, dabarar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Abin lura a Nasarawa shi ne an yi amfani da ita don zaman Bature, mai bukatar ɗakin karatu da wurin karɓar baƙi da isasshen haske, ba tare da ginin ya fita daga kamanninsa na soro ba. Zankwaye suna nan a kan rawani, zanen ado kuma ya mamaye fuskar gidan.

Matsalar adanawa

Dokar adana kayan tarihi da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da aka kafa a 1979 suna iya hana rushe gini, amma ba sa hana damina aikinta. Soro yana bukatar a duba indararo kafin ruwa ya sauka, a sabunta yaɓe da makuba ta kwasfar ɗorawa, a shafe rufi da laso wanda ake haɗawa da katsin marina. Yaɓen siminti, da ake ɗauka gyara ne, riƙe danshi yake yi a cikin bango har ya ɓamɓare da ƙasar da ke bayansa. Marina na raguwa, giginya na ƙaranci, 'ya'yan magina sun koma bulo.

Haka lamarin yake a Jihar Kebbi. Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da aka gina a 1831, yana da masu kula da shi. Tsofaffin zauruka na malamai da attajirai a Jega da Aliero da Maiyama kuwa sun cancanci a auna su, a zana tsarinsu, a kuma naɗi bayanin dattawan magina tun suna raye.