Daga Tashe Zuwa Kuntigi: Abin da Ke Riƙe Mai Kallo a Dandalin Hausa

Masu rubuta tarihin adabin Hausa sun saba fara labarin wasan kwaikwayo daga shekarun 1930, lokacin da Rupert East ya fitar da ɗan littafinsa na wasanni shida domin makarantun boko, sannan su gangaro kan Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Zamanin Nan Namu na Shu'aibu Maƙarfi wanda ya fito a 1959, da Uwar Gulma na Mohammed Sada. Lissafin daidai ne ga mai neman tarihin takarda. Amma wanda yake son sanin dalilin da ya sa mutum ɗaya zai tsaya a tsakiyar fili ya hana taro watsewa har dare ya raba, alhali wani mai murya wadda ta fi tasa zaƙi yana yi jama'a na hirarsu, to sai ya ajiye littattafan nan ya koma dandali. A can waƙa da kwaikwayo sana'a ɗaya ce, mutum ɗaya ke ɗauke da su, kuma abin da ya raba gwani da ɗan koyo shi ne lura. Gwani ya zauna da mutane ya ƙare musu kallo, ya ɗauko tafiyarsu da tarinsu da yadda suke karya harshe, ya zo ya ajiye su a gaban waɗanda suka san su. Mai kallo yana tsayawa ne saboda ya ga wani da ya sani, wani lokaci ma kansa ya gani.

Makarantar farko ta wannan sana'a ita ce tashe. Daga goma ga watan azumi, yara maza da mata sukan bi gida-gida bayan shan ruwa, kuma kusan kowane wasa da suke yi waƙa ce haɗe da shiga rigar wani. Mai Jatau yana baza kayansa yana lissafa magunguna da muryar mai tallar magani a kasuwa. Mai tsoho da gemu ya manna auduga a haɓa, ya ranƙwafa a kan sanda, gwiwoyi na rawa. 'Yan mata su yi Mairama da Daudu, su nuna zaman aure da 'yan kayan ɗaki na wasa. Akwai kuma wasan malamin da ake tuhuma da yin rawa, yana musu da baki ƙafafunsa kuwa suna tona masa asiri. Kalmomin waɗannan waƙoƙi kowa ya haddace su tun yana ƙarami, babu sabon abu a ciki, kuma ƙungiya goma za ta iya kawo wasa ɗaya a gida ɗaya cikin dare ɗaya. Duk da haka matan gida sun san ƙungiyar da za su ce ta maimaita, su ƙara mata hatsi ko kuɗi, da wadda za a sallama tun daga zaure. Tunda waƙar ɗaya ce, bambancin yana ga yaron da ya lura da yadda tsoho yake neman wurin zama kafin ya zauna.

Manya ma suna da nasu. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da fadawansa, kowace ta ɗauki mutum ɗaya da maganarsa da taƙamarsa, har shi wanda ake kwaikwayo ya ga abin da ba mai iya gaya masa a zaman fada. A kalankuwa, bayan an kawar da amfanin gona, samari kan naɗa nasu sarki da alƙali da 'yan doka, daga baya har da gwamna da likita da zamani ya kawo su. 'Yan kama kuwa sun mai da abin hanyar cin abinci: su sha rawani su yi zaman malamai, su ɗauki salon wa'azi ko wata sananniyar waƙa, su cire abin da ke ciki su zuba tuwo da fura da nama. Dariyar ɗan kama tana dogara kacokan ga kamanni. In bai kama muryar malamin ko karin mawaƙin daidai ba, babu abin da zai juya, sai ya zama mai surutun abinci kawai.

Dole a ambaci bori a nan, ko da yake da taka-tsantsan. Ga masu yinsa ba wasa ba ne, malamai kuma sun daɗe da yin tir da shi, don haka kiransa wasan kwaikwayo zai ɓata wa ɓangarorin biyu rai. Abin da ya shafe mu shi ne idon mai kallo. Kowane iska yana da takensa a goge ko garaya, yana da kirarinsa, yana da halinsa. Malam Alhaji tsoho ne mai tari da jan carbi. Ɗan Galadima ɗan sarauta ne mai ado da kyauta da caca. Kuturu yana zuwa da naɗaɗɗun yatsu yana korar ƙuda. 'Yan kallo sukan gane wanda ya sauka tun kafin a faɗi sunansa. A 1914 Baturen nan Tremearne ya buga littafi kan borin Hausawan da ke zaune a Tunis da Tarabulus, kuma iskokin da ya bayyana da yawansu su ne aka sani a gida, da halayensu. Mutane sun ƙetare Sahara, da dama a cikinsu ta hanyar bauta, amma siffar malami da ta ɗan sarki da ta kuturu ba su ɓace musu ba, domin siffofi ne na mutanen da al'umma ta sani.

Wanda ya ɗauki wannan gado ya kai shi ƙololuwa a waƙa shi ne Ɗanmaraya Jos, Adamu Wayya, wanda ya tashi a Bukuru hannun sarkin garin bayan rasuwar iyayensa, ya kuma rasu a watan Yunin 2015. Kayan kiɗansa kuntigi ne, ɗan gwangwani da aka rufe da fata, tsirkiya ɗaya tak. Ba shi da 'yan amshi da za su rufa masa asiri in numfashi ya ƙare, ba shi da zugar makaɗa. Da wannan ɗan abu ya cika manyan zaurukan taro a gida da waje. Waƙar da ta fara fito da shi ta karen mota ce, wato yaron da ke kwana a kan kaya, ya sa wa taya waigi, ya sha zagin direba, mutumin da mawaƙan fada ba su taɓa ɗaga ido sun kalla ba. A waƙoƙi irin su Jawabin Aure da Gulma Wuya kuwa, abin da yake yi wasan kwaikwayo ne sosai na mutum ɗaya: ya ba wannan baki ya ba wancan, miji ya yi magana mata ta mayar, magulmaci ya shigo da tasa muryar, kuntigin yana cike gurbin da ke tsakani. Mai sauraro yana jin gida guda da rigimarsa, alhali mutum ɗaya ne tsaye da gwangwani a ƙirji. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta yi irin wannan a taron mata da kiɗan ƙwarya, inda kishiya da malalaciyar da ta ƙi sana'a suke fitowa a bakinta da jikinta har matan da ke wurin su fara nuna juna.

Za a ce wannan magana ta rage darajar murya da fasahar harshe, kuma za a kawo mawaƙan fada a matsayin hujja. Narambaɗa da Ɗanƙwairo ba su canza murya su zama wani ba, ƙarfinsu yana cikin zaɓen kalma da nauyin amshi da sanin tarihin gidan da suke yi wa waƙa. Wannan gaskiya ce, kuma ba kowane gwani ne ɗan kwaikwayo ba. Sai dai a duba wurin da fada take kaurewa da sowa, wato wurin zambo da habaici. Mawaƙi ba ya kama sunan abokin hamayyar ubangidansa. Yakan zana shi ne da siffa, tsayinsa ko tumbinsa ko rowarsa ko yadda yake naɗa rawani, har kowa ya gane ko wane ne ba tare da an faɗa ba. Aikin da yaron tashe yake yi da jiki shi mawaƙin fada yake yi da baki. Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, ya shahara da ƙirƙirar waƙa nan take, kuma ba a yin haka sai da idon da ke karanta fili: wa ya shigo, wa ya motsa, wane baiti ne ya sa aka yi shewa har ya cancanci 'yan amshi da masu kalangu su tsaya a kansa.

Wasu kuma za su ce ai wannan karanta fili da ake yabo roƙo ne kawai, mawaƙi yana duban fuskar da za ta ba da kuɗi. Ba a musun haka, kuma al'ummar da ta ajiye maroƙa a ƙasan tsaninta ta san abin da take nufi. Amma kyautar nan ita ce ta horar da su. Ɗan wasan da abincinsa yake hannun mutanen da ke gabansa yana samun hukunci a take, ba ya jiran sharhin jarida. In ya ja abu ya yi tsawo zai ga ana zamewa, in ya taɓa inda yake yi wa mutane ƙaiƙayi zai ga an matso. Shekara ashirin na irin wannan jarrabawa kowane dare tana koya wa mutum lokacin da zai yi shiru, abin da ya fi wuyar koyo a sana'ar baki ɗaya.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan ra'ayi ita ce ta na'ura. Tun da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, miliyoyin mutane sun so 'yan wasan da ba su taɓa zama fili ɗaya da su ba, to ina amfanin dandali? Amsar tana ga mutanen da suka yi fice a wannan kafa. Usman Baba Pategi, Banufe ne kuma tsohon soja, ya zama Samanja Mazan Fama ne saboda ya zauna a bariki ya ji yadda ake murɗa Hausa a haɗa ta da Turancin fareti, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da bariki ya san wannan samanjan kafin ya ji shi a akwati. Ƙasimu Yero da shirinsa na Karambana ma haka ne. A Nijar, zamanin Seyni Kountché da ƙungiyoyin samariya, Yazi Dogo da abokan wasansa a Damagaram sukan tsara labari su raba matsayi, maganar kuwa a bakin kowa take fitowa lokacin wasa, ba a rubuce ba. Na'ura ta faɗaɗa filin ne, amma kayan da aka zuba mata daga kasuwa da tasha da bariki aka ɗebo su.

Inda abin ya canza da gaske shi ne finafinan bidiyo na Kano, waɗanda aka saba fara lissafinsu daga Turmin Danya na 1990. Da waƙa ta zama jigon kasuwar fim, musamman bayan fim ɗin Sangaya, sai aka raba sana'ar gida biyu: mawaƙi ya rera a situdiyo kan kiɗan fiyano, jarumi ya zo ya motsa baki a gaban kyamara. Ba za a ce hakan bai yi kasuwa ba, ya yi ƙwarai, kuma ya fito da mawaƙa masu murya. Sai dai mai rerawa ba ya ganin wanda yake yi wa, mai rawa kuma ba numfashinsa ba ne, don haka babu ɗayansu da zai iya tsayawa a kan baiti don ya ga ya kama mutane. Ba mamaki ba ne cewa ɗan wasan da ya fi kowa shiga ƙauye da birni a zamanin bidiyo shi ne Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014. Ibro ɗan kama ne da ya samu kyamara. Yakan ɗauki waƙar da ake yayi ya juya ta, ya shiga rigar ɗan ƙauye ko boka ko direba, har ma ta mawaƙin Kwango Awilo, kuma jama'a suna gane wanda ya ɗauko tun kafin ya buɗe baki.

Saboda haka masu koyar da wasan kwaikwayo a jami'o'inmu da masu shirya fim suna da aiki biyu a gabansu. Su nemi tsofaffin faya-fayan Samanja da Ɗanmaraya da na Damagaram da ke gidajen rediyo da talabijin, a mai da su na zamani a sa ɗalibai su nazarce su. Sannan idan azumi ya kai kwana goma, su fita unguwa da kyamara su ɗauki tashe a inda har yanzu ake yinsa.