Alexander Hamilton: Mai Riƙon Baitulmali da Ya Kasa Riƙe Zuciyarsa



'Yan'uwa masu karatu, a makon jiya ina koya wa ɗalibaina ayar bashi, wadda ita ce mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, sai wani yaro ya tambaye ni: "Malam, ita ma gwamnati wajibi ne ta biya bashinta?" Tambayarsa ta tuno mini da Alexander Hamilton, sakataren baitulmali na farko a Amurka. Ba Musulmi ba ne, amma hikima kayan mumini ce da suka ɓace masa.

An haifi Hamilton a tsibirin Nevis da ke yankin Karebiyan. Mahaifinsa ya tafi ya bar su, mahaifiyarsa ta rasu a 1768, ya zama maraya yana aikin akawu a gidan fatake. Mutanen gari suka ga hazaƙarsa, suka yi karo-karo suka tura shi karatu New York. Da yaƙin neman 'yanci daga Ingila ya ɓarke, sai ya zama na hannun daman George Washington. A 1789 Washington ya damƙa masa baitulmalin sabuwar ƙasa.

Abin da ya tarar bashi ne tuli: kimanin dala miliyan 54 a wuyan gwamnatin tarayya, wasu miliyan 25 a wuyan jihohi. A Janairun 1790 ya gabatar wa majalisa shawarar a biya bashin nan cikakke, tarayya kuma ta ɗauke wa jihohi nasu. Hujjarsa ita ce ƙasar da ta karya alkawari ba mai sake yarda da ita. Aka yi ta gardama har aka daidaita: jihohin kudu su amince, a gina musu babban birni a bakin kogin Potomac. A 1791 kuma ya sa aka kafa bankin ƙasa da jarin dala miliyan 10.

Sai dai gyaran ya bar tabo. Sojojin da suka yi yaƙin, da takardun shaidar bashi aka biya su, yunwa kuma ta sa da yawansu suka sayar wa 'yan baranda a farashin wulaƙanci. James Madison ya nemi a ware wa masu haƙƙin farko wani kaso, Hamilton ya ƙi, majalisa ta bi bayansa. Mai kuɗi ya kwashe guminsu. Bugu da ƙari, ginin gaba ɗaya a kan kuɗin ruwa ya tsaya, abin da Shari'a ta haramta mana. Don haka ba tsarinsa nake yabo ba, riƙon amanarsa nake nunawa.

Domin kuwa majalisa ta binciki littattafansa, ba ta same shi da cin dukiyar jama'a ba. Ya ajiye aiki a 1795 ya koma lauyanci don ya ciyar da iyalinsa. A 1797, da aka zarge shi da almundahana, sai ya fito ya tona asirin kansa cewa kuɗin da ya bayar na toshiyar baki ne saboda alfasha da matar wani, daga aljihunsa kuma suka fito.

Ƙarshensa shi ya fi ba ni tsoro. A ranar 11 ga Yulin 1804 ya fita harbin fito-na-fito da Aaron Burr, mataimakin shugaban ƙasa, wai don kare mutunci. Harsashi ya same shi, washegari ya cika. Ɗansa Philip ma an harbe shi a 1801 ta wannan hanya. Mutumin da ya tsara biyan bashin ƙasa ya mutu da bashi a kansa, sai abokansa ne suka yi wa iyalinsa gudummawa.

Na ce wa ɗalibina: i, wajibi ne, kuma ta fara da mai rauni. Wanda ya riƙe amanar dukiya kuwa, da sauran aiki a gabansa, domin sha'awa da girman kai su ma ana tambaya a kansu.

Allah Ya sa mu cika da imani babu haƙƙin kowa a wuyanmu, amin.