Labarin Ciwon Barci da Kafa Garin Takalafiya a Ƙasar Zazzau

A cikin ayyukan da ma'aikatan En'e suka sa hannu a ƙasar Arewa, da wuya a sami wanda ya ceci rayukan talakawa kamar yaƙin da aka yi da ciwon barci. Wannan cuta ƙudan tsando ke kawo ta, shi ne kuma ke sa wa shanu da dawaki sammore. Wanda ta kama yakan fara da zazzaɓi da ciwon kai, kaluluwa ta fito masa a wuya. Daga nan sai ya yi ta ramewa, hankalinsa ya riƙa gushewa, barci ya rinjaye shi ko da rana tsaka, har ya kai ga ajalinsa idan bai sami magani ba.

Cutar ta daɗe a ƙasar, amma ba ta yi ƙarfi ba sai bayan zuwan Turawa. Dalili kuwa, a zamanin yaƙe-yaƙe mutane suna taruwa cikin ganuwa, sun nome kewayen gari fes, ƙuda bai sami wurin fakewa ba. Da hari ya ƙare bayan 1903, sai jama'a suka watsu cikin daji, kowa ya kafa 'yar tungarsa a bakin rafi, inda ƙudan yake. Ga kuma hanyar jirgi da ta kai Kano a 1911, ga haƙar kuza a Jos. 'Yan ƙodago suna kai da komowa, mai cuta ya ɗauko ta daga wannan ƙasa ya kai wata. Kafin 1930 akwai ƙauyukan da suka kusa zama kufai.

To, a wancan lokaci asibiti sai a manyan birane. Baƙauye ba ya iya barin gonarsa ya yi tafiyar kwana uku da ƙafa don ganin likita, balle wanda ciwo ya riga ya kayar. Saboda haka likitoci suka ga ba dabara sai a kai magani inda masu ciwo suke, kamar yadda wani likitan Faransa, Jamot, ya yi a Kamaru. Aka kafa ma'aikatar ciwon barci a hannun Likita Lester, aka koya wa samari 'yan ƙasa aikin, aka raba su ƙungiya-ƙungiya suna bin ƙasar hakimi bayan ƙasar hakimi.

Ga yadda aikin yake gudana. Hakimi zai aika wa dagatai, dagatai su gaya wa masu unguwa, a tara jama'a ran da aka yanka, a riƙa kiran gida-gida bisa takardar haraji. Malamin asibiti zai lalubi wuyan kowa. Wanda aka ji kaluluwa gare shi sai a tsaga ta da allura, a ɗebi ruwanta, a duba da madubin likita. In an ga ƙwayar cutar sai a rubuta sunansa, a yi ta yi masa allura bi da bi har ta cika adadi. Daga 1931 zuwa 1940 an duba mutum fiye da miliyan 3, an sami kusan 400,000 da ciwon.

Amma allura kaɗai ba ta isa ba. Wanda ya warke yakan koma rafin nan da ya saba ɗiban ruwa, ƙuda ya sāke cizonsa. Maganin kuma yana da nasa haɗari, gama ɗaya daga cikin alluran, mai suna Tryparsamide, yakan taɓa idon waɗansu har su makance. Don haka aka mai da hankali ga binciken halin ƙudan kansa. Tun kafin 1930 akwai wurin wannan bincike a Gadau, cikin ƙasar Katagum, inda wani masanin ƙwari, Nash, ya yi shekaru yana lura da shi damina da rani. Abin da aka gane shi ne, irin ƙudan da ya fi cutar da mutane ba ya jure zafi da bushewar iska, da bazara ba shi da mafaka sai inuwar kurmi a bakin ruwa. In an sare sarƙaƙiya a mashaya da mahaya, ba sai an share daji duka ba, ƙuda da mutum sun rabu. Aka kuma gane cewa inda mutane suka yi kaɗan ba su iya riƙe sharar, daji yakan komo.

A kan wannan ilmi aka gina aikin Anchau, gabas da Zariya, a farkon sarautar Sarkin Zazzau Ja'afaru, wanda ya hau gado a 1937. Gwamnatin Ingila ta ba da fam 95,000. Aka keɓe ƙasa mai tsawon kamar mil 70 da faɗin kamar mil 10, aka share rafukanta. Kafin a ta da kowa, sai da aka ƙidaya mutane da dabbobinsu, aka auna gonar da ke ci da gida guda, aka gwada ƙasa, aka nemi inda ruwa yake. Sa'an nan aka kwaso mutum wajen 5,000 daga tungayen da ke cikin ƙuda, aka zaunar da su a sababbin ƙauyuka. Tsohon garin Anchau kuwa, da yake a cunkushe, ga kududdufai ga sauro, aka rage shi, aka gina sabon gari kusa da shi mai faffaɗan tituna, aka sa masa suna Takalafiya. Aka gina rijiyoyi da siminti masu ɗagaggen baki, har kurkunu ya ragu. Aka buɗe ɗakin shan magani da makaranta, aka dasa itatuwa, shanu suka sami wurin zama.

Ba a yi wannan aiki cikin sauƙi ba. Dokar ciwon barci ta 1937 ta tilasta wa mutane fitowa dubawa da aikin gayya na sharar rafi, talakawa kuwa ba su ga alaƙar ƙuda da ciwo ba. Waɗansu sukan ɓuya ran da malaman allura suka sauka. Barin gidan gado da kushewar iyaye kuma ba ƙaramin abu ba ne ga kowa. Nauyin wannan duka a kan hakimai da dagatai da malamansu ya faɗa, su ne masu lallashi, su ne kuma ake jin haushi. Inda suka zauna da dattawa suka bayyana dalili, aikin ya ɗore. Inda aka yi shi da tsawa kaɗai, da an ɗauke ido sai kurmi ya tsiro, bakin rijiya ya zube.

Bayan yaƙin duniya na biyu aka kafa babbar ma'aikatar binciken ciwon barci da sammore a Kaduna, da reshe a Vom. Ciwon ya yi ta raguwa, har a 2018 waɗanda aka samu da shi a Afirka duka ba su kai 1,000 ba, aka kuma sami maganin haɗiya a madadin allura. Anchau ita ce hedkwatar ƙaramar hukumar Kubau a Jihar Kaduna, En'e kuwa an rushe ta a 1976. Amma hanyar da aka bi ba ta tsufa ba: a ƙidaya masu ciwo, a gano inda cuta ke shiga, a kai magani ƙofar talaka, a kuma nemi yardarsa.

Sunayen Turawan da suka shugabanci aikin suna cikin littattafai. Malaman da suka lalubi wuyan miliyoyin mutane, da magina rijiya, da talakawan da suka riƙe gatari cikin kurmi ƙuda na cizonsu, yawancinsu ba a rubuta sunansu ba. Allah ya jiƙansu, ya sāka musu da alheri, amin.